Jan Biro a Littafin Auta

Laraba, ƙarfe goma na safe

A bayan littafin shirin darasi nake wannan rubutun, shi kaɗai na tarar a jaka. Tun jiya bayan la'asar muke sashen gaggawa na asibiti, ni da Babansu. Auta tana bayan labule na uku. Shekararta goma sha huɗu, amma a kan gadon nan ka ce 'yar bakwai ce.

Ba zan rubuta abin da na tarar da na buɗe ƙofar ɗakinta ba. Na faɗa wa nas ɗin da ta karɓe mu, na faɗa wa likita, na sake faɗa wa wani likitan, kowa da takardarsa. Sau uku ya isa.

Da safen nan suka ce jikinta ya fita daga haɗari. Na yi hamdala na fara naɗe bargon da muka zo da shi. Nas ta ce, "Mama, ina kuma za ki? Jiki kawai aka duba. Sai likitar ƙwaƙwalwa ta gan ta." Na ce mata 'yata ba mahaukaciya ba ce, da irin muryar da nake yi wa 'yan aji idan sun ishe ni. Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Ba wanda ya ce haka." Na koma na zauna.

Sun cire mata komai. Wayarta, caja, igiyar takalmi, sarƙar wuya, har fil ɗin mayafi. Suka zuba a leda suka ba ni, suka sa mata rigar asibiti. Akwai wata mata mai tabarau da aka ajiye a kujera tana fuskantar gadon, ko banɗaki Auta za ta shiga sai an bar ƙofar a buɗe kaɗan. Na ce mata ni uwarta ga ni zaune, tsaron na mene ne? Ta ce, "Ke uwa ce, za ki yi kuka, za ki yi gyangyaɗi. Ni ido kawai aka ɗauke ni in sa." Na ji haushi.

Laraba, ƙarfe uku na rana

Likitar ta zo. Yarinya ce, da ƙyar in ta kai shekarun da na yi ina koyarwa sau biyu. Ta ce mu fita, za ta gan ta ita kaɗai. Minti arba'in muna tsaye a baranda. Babansu kafinta ne, idan hankalinsa ya tashi hannunsa ba ya zama wuri ɗaya. Kujerar jira tana rawa, ya kifa ta yana duba ƙafarta, har wani ma'aikaci ya zo ya roƙe shi ya bar musu kayansu.

Sai ta kira mu. Barci, cin abinci, ƙawaye, makaranta, ko an yi rasuwa, ko akwai mai irin wannan ciwon a dangi, ko wani yana takura mata. Sannan ta ce, "Ta taɓa gaya muku wani abu? Da baki, ko a rubuce?"

Babansu ya girgiza kai. Ni kuwa da uban baki na ce, "Likita, ni malama ce. Shekara goma sha tara ina karanta fuskokin yara. Da ta nuna wata alama da na gani." Ta dube ni jim kaɗan, ta rubuta wani abu. Ta ce za a kwantar da ita a sashen matasa, amma babu gado yanzu, sai an jira.

Na shiga wurin Auta na kama hannunta. Ta zare shi a hankali ta juya ta fuskanci bango.

Alhamis, ƙarfe biyu na rana

Babu gado. Mai tabarau ta tashi aiki, wata mai kumatu ta karɓe ta. Auta ta sha shayin da Babanta ya haɗa mata. Nawa ya huce a kan durowa.

Juma'a, ƙarfe biyar na yamma

An sami gado. Gini ne daban a bayan asibitin, ƙofa biyu, sai an kulle ta farko ake buɗe ta biyu. Na zata zan ji ihu da sarƙoƙi, irin abin da mutane ke faɗa. Abin da na gani yara ne guda biyar suna fenti a kan tebur, ɗaya tana taunar hannun rigarta. Yara kamar 'yan ajina.

Ba a kwana da majinyaci a nan. Ziyara ƙarfe huɗu zuwa biyar. Sun ba ni jerin abin da za a kawo: kaya marasa igiya, silifas, buroshi, littattafai amma ban da masu waya a gefe. Madubi a'a, turare na kwalba a'a. Na sa hannu a wuri shida.

Da za a shiga da ita ta rungume Babanta. Ni ta ce min, "Sai an jima, Mama," kamar baƙuwa.

Asabar, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na shiga ɗakinta haɗa kaya.

Asabar, ƙarfe ɗaya na rana

Bari in rubuta, tunda ba mai karantawa.

Aji uku nake koyarwa, yara ɗari da arba'in da wani abu. Duk ranar Alhamis nake kwaso littattafan insha'i in jibge a kan teburin cin abinci, in riƙa dubawa ina leƙa tukunya. Kowane malami ya san yadda ake yi, duk wanda ya ce bai sani ba ƙarya yake. Ka buɗe shafin ƙarshe, ka ga yaro ya cika shafi biyu, ka ja maki da jan biro, ka rubuta "Na gani", ka sa hannu da kwanan wata, ka jawo na gaba. Minti ɗaya littafi uku. Ni har alfahari nake da saurina a ɗakin malamai. Auta ce ke taya ni ɗaure su da roba aji aji, ta san tsarin sarai.

Ina neman littafin labari da zan kai mata, na ɗaga katifa don in canza zanen gado, sai ga littafin rubutu mai shuɗin bango, irin na 'yan ajina sak. Ba suna a bango. Na buɗe. Rubutunta ne, shafi biyu cif. Layin farko ya ce, "Mama, wannan ba aikin gida ba ne, don Allah ki karanta."

A ƙasan shafi na biyu ga jan birona. Maki babba. Na gani. Sa hannuna. Kwanan watan kusan sati uku kafin Talatar da muka kawo ta asibiti.

Na karanta yanzu, sau huɗu. Ba zan kwafe abin da ke ciki ba. Komai yana ciki, duk abin da likitar ta tambaya, a jere, da rubutunta mai kyau wanda ni na koya mata.

Na sa shi a ƙasan jakata. Babansu ya leƙo ya ce, "Malama, lafiya? Kin daɗe." Na ce ƙura ce ta shiga min ido.

Asabar, ƙarfe shida na yamma

Mun kai kayan. Nas ta shiga ta dawo ta ce, "Ta ce Baba kawai yau." Ta ƙara da cewa haka yara kan yi, kada in sa a raina. Na yi awa guda a benci tsakanin ƙofofin biyu da jakata a cinya.

Lahadi, ƙarfe biyar da rabi

Baba kawai.

Litinin, ƙarfe tara na safe

Yaya ta zo, babbar yayata, da kwanon abinci da shawara buhu guda. Ta ce, "Ku ce taifot ne. Yarinya mace, gobe wa zai manta an taɓa kai ta can?" Na ce to. Maƙwabciya ta tare ni a bakin ƙofa na ce taifot ne. Mai shago ma taifot. Bakina har ya saba, ni da nake sa yara durƙuso a kan ƙarya.

Yaya ta ce, "Ke kuwa me kika rage ta da shi? Ci, sha, sutura, ga ki malama a gida. Yaran yanzu ne da waya." Na ce haka ne. Ta shafa bayana tana cewa in daina ɗora wa kaina. Da ta zage ni da na fi jin sauƙi.

Talata, ƙarfe biyar da rabi

Baba kawai. Ya fito ya ce an fara ba ta magani, likita ta ce sai ya yi makonni kafin a ga aikinsa, kuma da farko zai iya sa ta barci ko tashin zuciya. Ya ce da safe suna karatu, da rana suna zama a da'ira su yi magana. Ya ce ta tambayi kyanwar gida. Na ce ni fa? Ya sosa ƙeya ya ce, "Ta ce a gaishe ki." Shekara ashirin da biyu muna tare, bai taɓa iya ƙarya ba.

Laraba, ƙarfe huɗu na yamma

Na koma makaranta, shugaba ya ce hutun da zai iya ba ni ke nan. Na zauna da littattafan aji ɗaya a ɗakin malamai. Awa biyu, guda goma sha ɗaya na gama, don kowane layi na karanta. Malamin lissafi ya ce, "Malama mai jirgi, yau taya ta yi faci ne?" Aka yi dariya, ni ma na yi.

Ban je asibiti ba. Na ce wa Babansu kaina ke ciwo. Gaskiyar ita ce na gaji da bencin nan, kuma ina jin kunyar nas ɗin da ke kawo saƙon.

Alhamis, ƙarfe shida na safe

Abin da ke cin raina shi ne, ita ta ciro littafin daga cikin tarin. Ta buɗe ta ga amsata. Ta ɗaure sauran da roba ta kawo min, na ce yauwa 'yar albarka. Sati uku tana cin abinci a teburin nan tana kallona.

Alhamis, ƙarfe biyar da rabi

Baba kawai. Littafin yana jaka.

Juma'a, ƙarfe takwas na dare

Likitar ta kira mu kan shirin komawa gida, ko da yake ba a sa rana ba. Ta ce duk maganin da ke gidan a kulle shi, har na ciwon kai, da wuƙaƙe da reza da maganin ƙwari. Babansu ya ji daɗi an ba shi aikin da ya iya. Kafin magariba ya ƙera akwati mai kwaɗo, har da goge shi da fenti, kamar wanda za a kai gasar baje koli.

Ta ce ranar Talata za a yi zaman iyali, mu uku da ita. Ta dube ni ta ce, "Mama, akwai abin da kike so in sani kafin nan?" Na ce babu. Muka fito har bakin mota. Na ce wa Babansu na manta laimata.

Na koma na ajiye mata littafin a kan tebur. Ta karanta har ƙarshe, ta tsaya a kan jan biron. Na ce, "Na yi miki ƙarya." Ta ce, "Ranar da na tambaye ki ba ki sani ba." Na ce, "Yau kwana shida na sani." Ta ce, "To, yau kin kawo."

Na tambaye ta kai tsaye ko ni na jawo. Ta ce ciwon ya girmi wannan shafin, ba jan biro ne ya kawo shi ba, amma ba za ta ce min shafin bai yi wa Auta ciwo ba. Na so ta wanke ni ko ta yanke min hukunci, ta ƙi yin ko ɗaya. Ta ce ranar Talata in faɗi abin da ya faru kawai, kada in kawo yawan ɗalibai, kada in kawo tukunya, kuma idan Auta ta yi fushi in bar ta ta yi. Na ce ni ce za a koya wa magana da yaro? Ta ce, "E." Yarinyar nan ba ta da kunya, kuma tana da gaskiya.

Asabar, ƙarfe bakwai na safe

Na nuna wa Babansu bayan ya sha shayi. Karatunsa a hankali ne, yana bi da yatsa. Da ya kai ƙarshe ya rufe, ya daɗe yana kallon bangon littafin. Ya ce, "Ni ko littafin ba ta ba ni ba." Ya ɗauki jakar kayan aikinsa ya fita, ya manta da wayarsa.

Ban taɓa tunanin wannan ba. Duk kwanakin nan na zata ni kaɗai ce ke ɗauke da kaya.

Litinin, ƙarfe huɗu na yamma

Na rubuta abin da zan faɗa gobe, shafi ɗaya da rabi. Na karanta na ga rabinsa kare kai ne. Na yaga.

Talata, ƙarfe shida na yamma

Ɗaki ƙarami, kujeru huɗu, kwalin tishu a tsakiya. Ta ɗan rame, gashinta wata ta yi mata kitso biyu a karkace. Kwana goma sha ɗaya ban gan ta ba. Ta zauna kusa da Babanta tana kallon silifas ɗinta.

Na fito da littafin. Tana ganinsa ta ƙanƙame hannun kujera. Na ce, "Auta, na ga wannan a ƙarƙashin katifarki ranar Asabar ta wancan satin. A ranar na fara karanta shi. Ranar da na sa hannu ban karanta ba, ko layi ɗaya. Na buɗe na ja maki na wuce. Ki yafe min."

Ta ɗago ta ce, "Ba ki karanta ba?"

Na ce a'a.

"Ko layin farko?"

Na ce ko layin farko.

Ta yi wata irin dariya da ban taɓa jin ta a bakinta ba, hawaye na zuba. Ta ce, "Ni na zata kin karanta. Na zata kin karanta duka, amsar ke nan. Na ce to shi ke nan, Mama ta gani, ba wani abu ba ne a wurinta."

Sati uku ta yi da wannan a ranta, da kwana goma sha huɗu na asibiti a kai. Kuma kwana goma daga ciki ina da amsar a jaka, ina zaune a benci ina jin tausayin kaina.

Sai fushin ya zo. Ta ce yaran mutane na fi sani. Ta ce in na dawo gida jikina ne kawai ke dawowa. Ta ce ta gwada da baki sau biyu, na ce bari in gama wannan. Kalmar "amma" ta zo min har bakin haƙori sau ba adadi, na haɗiye. Babansu yana ta miƙa tishu ga wanda bai nema ba. Da lokaci ya cika ta miƙe, ta ɗauki littafin ta rungume a ƙirji, ta ce nata ne. Ba ta ce ta yafe ba.

Laraba, ƙarfe biyar da rabi

Nas ta dawo ta ce, "Ta ce ku shigo." Ku. Mun yi minti hamsin, da Babanta ta yi hirar. Ni ta tambaye ni ko an ba kyanwa abinci.

Asabar, ƙarfe goma na safe

Maƙwabciya ta tambayi mai taifot. Na ce ba taifot ba ne, ciwon damuwa ne, tana samun magani. Ta buɗe baki ta rufe, ta ce Allah ya ba ta lafiya. Yaya ta ji labari ta kira ni ta yi min tatas. Na ajiye wayar a kan tebur na bar ta ta gama.

Litinin, ƙarfe uku na rana

An sallame ta. Na zata sallama tana nufin an warke. Likitar ta ce a'a, tana nufin an wuce wurin da sai da ƙofa biyu, kuma makonnin farko a gida su ne suka fi buƙatar ido. Za ta riƙa zuwa ganin likita duk Alhamis. Magani ni zan ba ta da hannuna in mayar da kwaɗo. Makaranta sai a hankali, rabin yini tukuna.

Sai ta miƙo wata takarda da Auta ta cike da kanta. Alamomin da take ji idan abin zai taso, abin da ke ɗan kwantar mata da hankali, da mutanen da za ta nema. Na ɗaya Baba. Na biyu malamar zane ta makarantarsu. Na uku lambar asibiti. Na duba bayan takardar, ba komai.

Likitar tana kallona. Na ce, "Ya yi kyau." Ni na manna ta a jikin firij da hannuna, na daidaita ta.

Laraba, ƙarfe bakwai na safe

Ta haɗiye maganin ta buɗe min baki in gani, ban ce ta yi ba. Ban san ko biyayya ce ko gatse ba.

Juma'a, ƙarfe biyu na rana

Na daina kawo littattafai gida. Ina tsayawa a makaranta in yi abin da ya samu, sauran su jira. Shugaba ya fara ƙorafi. A gida kuwa na zama kamar mai tabarau ɗin nan, in wuce ƙofarta da tsintsiya, in dawo da kofi, in sake wucewa ba dalili. Ɗazu ta ce, "Mama, ina nan, ban je ko'ina ba." Na ce shara nake. Ta ce, "Sau biyar?"

Lahadi, ƙarfe biyar na yamma

Babansu ya tafi kafa ƙofofi a wani gini can bayan gari. Wajen ƙarfe biyu ina wanke-wanke na ji mutum a bayana. Tana tsaye a bakin kicin, ta riƙe gefen ƙofa, fuskarta kamar ta ranar da ba na son tunawa.

Ta ce, "Mama, kira min Baba."

Na kashe famfo. Hannuna da kumfa na ɗauki waya. Ya ce ga shi nan, amma sai ya yi kamar minti arba'in. Na tambaye ta abin da likitar ta koya mana mu tambaya, kai tsaye, ba kwana-kwana. Ko tana tunanin cutar da kanta. Ta ce tunanin ne ya dawo, ba ta yi komai ba, tsoro take ji. Na ce in kira asibiti? Ta ce a jira Baba tukuna.

Ta sulale ta zauna a ƙasa ta jingina da firij. Ina da magana cike da baki, na rarrashi, na nasiha, na ban haƙuri. Na zauna a ƙasa ni ma, gwiwoyina suna ƙara, na yi shiru. Can na yunƙura zan ɗebo mata ruwa, ta riƙe bakin zanena.

Ta ce, "Kar ki tashi sai ya zo."

Na ce ba inda za ni.

Ya zo, sun yi magana, mun kira asibiti tare, sun ce mu kawo ta gobe da safe maimakon Alhamis. Yanzu tana barci a falo, kanta a cinyarsa. Takardar tana nan a jikin firij, sunana ba ya ciki, kuma ba zan tambaye ta ba.